Sawakin: Tsibirin Da Kakanninmu Suka Bi Zuwa Makka

Duk wanda ya tashi a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, da wuya a ce bai taɓa jin tsofaffin gidansu sun ambaci wani ɗan uwa da ya tafi Gabas bai dawo ba. Mu a gidanmu ƙanen kakana ne. Ya bar wani ƙauye na ƙasar Bunguɗu bayan an gama kaka, shi da matarsa da jaki ɗaya da gafakar Alƙur'aninsa, a zamanin da ba a daɗe da kawo jirgin ƙasa Gusau ba. Saƙo biyu kacal aka samu daga gare shi. Na farko ya zo bayan shekara uku, cewa suna tsinkar auduga a wajen Madani, kuma matarsa ta haifi ɗa namiji. Na biyu wani alhaji mutumin Tsafe ne ya kawo shi da baki, ya ce ya bar su a Sawakin suna jiran jirgin ruwa. Daga nan shiru kake ji. Har kakata ta koma ga Mahaliccinta tana sanya wannan ƙanen mijin nata cikin addu'a, ba ta san ko ta roƙa masa tsawon rai ko gafara ba. Mu kuwa yara mun ɗauka Sawakin wata unguwa ce a Makka.

A farkon shekarar 2018 hidimar karatun ɗana ta kai ni Khartum. Da muka gama abin da ya kai ni, sai na ga ina da sauran kwana biyar a hannu, na ce in dai ban je na ga Sawakin yanzu ba, to sai wani ikon Allah. Yini guda cur motar safa ta yi da mu, ta Atbara da Hayya da Sinkat, sannan ta gangara daga duwatsun ƙasar Beja zuwa wani fili fetal wanda babu komai a cikinsa sai ƙaya da raƙuma. A can ƙarshen filin ne na hango wani shuɗin layi wanda na ɗauka hazo ne. Makwabcina a mota ya ce mini Bahar Maliya ke nan. Na kwana a Fot Sudan, washegari da sassafe na hau ƙaramar mota zuwa Sawakin, tafiyar kusan kilomita 60 kudu.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda Allah ya tsara wurin, domin a nan ne sirrin tarihinsa yake. Gaɓar tekun ta wannan yanki cike take da dutsen murjani da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, wanda ke farke cikin duk jirgin da ya kusance shi. Amma a daidai Sawakin sai aka sami wata 'yar siririyar mashiga mai zurfi, ta ratso cikin ƙasa tsawon kilomita kaɗan, ta buɗe ta zama tafki. A tsakiyar tafkin nan tsibirin yake zaune, kewayayye kamar faifai, ƙarami ƙwarai, don cikin rabin sa'a mutum zai zagaye shi da ƙafa. Maƙiyi daga teku dole ya bi ta wannan mashiga guda ɗaya a gaban bakin igwa, maƙiyi daga tudu kuma ruwa ya tare shi. Mu da muka saba da Dutsen Kwatarkwashi mun san irin wannan dabara: mutanenmu sun fake da dutse, su kuma sun fake da ruwa. Sai a 1877, zamanin da Gordon ke gwamnan Sudan, aka cike wata 'yar hanya da ta haɗa tsibirin da garin da ke kan tudu, wanda ake kira Al-Gaif. Ta kanta na taka, na biya kuɗin shiga a bakin ƙofa, na ɗaga kai. Gani ya kori ji. Gari guda ne ya durƙushe a gabana, tsibi-tsibin farin dutse ko'ina, nan bango ɗaya a tsaye da tagoginsa suna kallon sama, can matakalar bene ta hau ta tsaya a iska.

Mutanen wurin suna da labarai game da sunan. Wasu sun ce daga kalmar Larabci ta kurkuku ya samo asali, wai a nan Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yake ɗaure kangararrun aljanu, har yaron da ya yi mini jagora ya gargaɗe ni kada in kori manyan kyanwoyin da ke yawo cikin kangayen. Su kuwa Beja, masu ƙasar na asali, da harshensu kasuwa kawai suke kiran garin, kuma ni na fi gamsuwa da nasu. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a tsibirin wajajen 1330, ya tarar da ɗan Sharifin Makka ne ke sarautarsa, ya kuma lura cewa babu ruwan sha ko gona ko itace a cikinsa, sai dai a kawo ruwa a kwalekwale ko a tara na sama. Wannan Ibn Battuta ɗin dai shi ne ya zo Takedda a 1353 ya ambaci Gobir a matsayin ƙasar da ake kai wa jan ƙarfe. Ashe tun a ƙarni na 14 sunan Sawakin da na ƙasar Hausa sun haɗu a littafi ɗaya.

Tauraron Sawakin ya haska sosai ne a ƙarni na 15, bayan da tashar Aizab da ke arewa da ita ta mutu. Daga nan ta zama babbar ƙofar Afirka ta wannan sashe na teku. Hauren giwa da ƙaro da gashin jimina da zinariya da bayi suna fita, tufafin Indiya da turare da kayan yaji suna shigowa. Dukiya kuwa ba ta rasa masu ƙyashi. A 1541 jiragen yaƙin Fotugal ƙarƙashin Estevao da Gama suka far wa garin suka yi masa ɓarna. A 1555 Turkawa suka mai da shi hedikwatar lardinsu na Habasha ƙarƙashin Ozdemir Pasha. Su ma daularsu Usmaniyya ake ce mata, amma kada yara su haɗa ta da tamu ta Sakkwato, Usmanun daban-daban ne. Fiye da shekara 300 tutar Istambul na kaɗawa a tsibirin, har 1865 da aka miƙa shi ga Khedive Isma'il na Masar. Masallatai biyu da ke tsibirin, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, suna nuna wannan zama na mutane iri-iri: hukuma da mazhabarta, jama'ar gari da tasu.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne ginin kansa. Daga cikin teku suke sassaƙo dutsen murjani, mara nauyi mai ƙofofi kamar soso, su jera shi, su sa katako a tsakanin sahu-sahu don ya riƙe bango, sannan su shafe shi da farar ƙasa. Da haka suka tayar da benaye hawa biyu da hawa uku. A jikin kowane bene akwai tagogin katako da suka turo waje, masu sassaƙa kamar zanen hula, waɗanda ake kira roshan, inda matan gida ke zama su sha iska su ga titi ba tare da an gan su ba. Alhazanmu da suka taɓa shiga tsohon garin Jidda sun ga irinsu, don magina ɗaya ne, tekun ne kawai ya raba su. A Al-Gaif kuma akwai kangon masaukin fatake na attajiri Shinawi, wanda aka gina a 1881, mutanen garin suna cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara. Ban ƙirga ba, kuma abin da ya rage a tsaye bai isa a ƙirga ba. Wani malamin zane mai suna Jean-Pierre Greenlaw ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana aunawa yana zanawa tun suna tsaye, aka buga littafinsa a 1976. Yau duk mai son sanin kamannin Sawakin sai ya koma ga wannan littafi.

Ganuwa da kagarun da baƙo zai gani a yau na zamanin yaƙin Mahdi ne. Da Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadiyanci a 1881, wanda ya ɗauki tutarsa a gabashin Sudan wani ɗan kasuwa ne ɗan asalin Sawakin, Usman Digna, ya kuwa tara mayaƙan Hadandawa masu tulin gashi da takubba da masu. A ranar 4 ga Fabrairu 1884 suka tarwatsa rundunar Masar da Baker Pasha ke jagoranta a Al-Teb. Ingila ta aiko da nata sojojin. A Tamai, ranar 13 ga Maris 1884, Turawa suka yi irin tsayuwar nan tasu ta murabba'i, sojoji sun ba juna baya ta fuska huɗu, bindigogi na kallon waje, amma Hadandawa suka keta sahun suka shiga tsakiya da takobi. Turawa ne suka yi nasara a ƙarshen yinin, sai dai ba su manta da abin da suka gani ba. A shekarar da ta biyo, bayan Khartum ta faɗi a ranar 26 ga Janairu 1885 aka kashe Gordon, sai da aka kwaso sojoji daga Indiya har da Ostireliya zuwa wannan ɗan tsibiri. Suka fara shimfiɗa layin dogo da nufin kai shi Barbar a bakin Nilu, suka yi kusan kilomita 30 suka watsar.

Duk da haka Sawakin ba ta taɓa faɗawa hannun mutanen Mahdi ba, kuma dalilin a fili yake ga wanda ya tsaya a wurin. Kitchener, wanda aka naɗa gwamnan yankin a 1886, ya kewaye Al-Gaif da ganuwa mai hasumiyoyi, ya gina ƙofar da har yau ake kira da sunansa, ga kuma ƙananan kagaru a jere daga waje, ga jiragen yaƙi a tafki. Raunin garin ɗaya ne, wato wanda Ibn Battuta ya gani tun shekara 500 kafin nan: ruwan sha. Rijiyoyin Shata suna wajen ganuwa, saboda haka aka gina musu kagaru na musamman, aka kuma kafa injinan tace ruwan teku a wani ƙaramin tsibiri na kusa. Shi kansa Kitchener harsashi ya same shi a muƙamuƙi a Handub cikin Janairu 1888. A ƙarshen wannan shekara mayaƙan Usman Digna suka haƙa ramuka dab da kagarun ruwan, sai da Janar Grenfell ya fito ya kore su a ranar 20 ga Disamba. An kama Usman Digna a 1900, ya rasu a 1926. Na daɗe tsaye a ƙarƙashin Ƙofar Kitchener ina kallon a-kori-kura da awaki suna wucewa. Babbar tashar jiragen fasinja da aka buɗe a 1991 sunan Usman Digna aka sa mata, wato wanda aka gina ganuwar don a hana shi shiga.

To, ina ruwan Bazamfare da duk wannan? Ruwansa da yawa. Tun da can akwai magana a bakin malaman Sakkwato cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za su yi ƙaura zuwa Gabas, wajen kogin Nilu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahdin Sudan mubaya'a ta wasiƙa. Sai ga shekarar 1903. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. A ƙarshen wannan wata rundunar Kano da ke komowa daga Sakkwato ta yi karo da Laftanar Wallace Wright da sojojinsa kusan 45 a kusa da Kwatarkwashi, a nan ƙasar Bunguɗu. Irin tsayuwar Tamai suka yi, dawakan Kano suka yi ta kawo hari, amma wannan karon sahun bai ketu ba, a nan Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama. Ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya fito ya biyo ta Gusau, ya nufi Gabas, talakawa da malamai suna barin gonakinsu suna bin sa. A Burmi aka tare shi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Ke nan hanyar da ta ƙare a Sawakin ta ratsa ta ƙofar gidanmu, kuma ba shakka akwai mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu cikin waɗanda suka bi ta tun ranar farko.

A da can alhazan ƙasar Hausa sun fi bin Sahara, ta Agadas da Fezzan zuwa Alƙahira. Bayan 1903 ne hanyar Sudan ta zama babbar hanyar talaka. Mutum zai tashi daga nan ya bi ta Kano da Barno, ya ƙetare zuwa Fot Lami, wato Injamena ta yau, ya wuce Abeshe, ya shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, har Al-Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Ba da guzuri ake wannan tafiya ba, da sana'a ake yin ta. Wanzami ya yi aski, mahauci ya yi tsire, malami ya yi rubutun sha, mata su yi ƙosai da kitso, in damina ta riske su su yi noma, in an sami na gaba a ƙara gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, sai Turawa suka sami ma'aikatan da suke nema, mahajjata kuma suka sami inda za su tara kuɗin jirgi. Da yawa a nan tafiyar ta tsaya musu. Wani masani, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a 1995 game da Hausawan waɗannan ƙauyuka, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda aka haifa a Sudan suke ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka.

Wanda Allah ya kai shi Sawakin kuma sai ya tarar da wani shinge. Hukuma ta ajiye wurin killace mahajjata a can, a yi wa mutum lambar agana da allurar kwalara, a duba takardunsa, ya biya kuɗin jirgi na zuwa da dawowa kafin a bar shi ya hau. Ga Jidda can tsallake, kusan kilomita 300, ga shi ba shi da abin biya. Wasu sai su zauna su yi dako da ga-ruwa shekara ɗaya ko biyu. Wasu su gangara Masawwa a ƙasar Iritiriya. Wasu kuma su yi ciniki da masu jiragen iska na katako, waɗanda ake kira sambuk, a kwashe su da dare daga wata gaɓa da babu idon hukuma. A nan ne bala'in yake. Akwai jiragen da suka nutse, akwai waɗanda aka sauke a gaɓar da babu ruwa aka ce musu ga Makka nan bayan dutse, akwai kuma mata da yara da aka sayar bayi a Hijaz, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Ina zaune a bakin ruwan ina tuna saƙon alhajin nan na Tsafe. Cewa ya yi suna jiran jirgi. Bai faɗi wane iri ba.

Abin mamaki, a lokacin da kakanninmu ke tururuwa zuwa Sawakin, ita kanta ta riga ta kama hanyar mutuwa. Mashigar nan da ta kare ta shekaru aru-aru ita ce ta kashe ta, domin ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci. A 1905 Turawa suka fara gina sabuwar tasha a wani wuri da babu komai sai kabarin wani shehi, ana ce da shi Marsa Shaikh Bargut, aka buɗe ta a 1909 da sunan Fot Sudan. Kwastan ya tashi, banki ya tashi, kamfanoni suka bi, attajirai suka bi kamfanoni. Kafin 1940 tsibirin ya zama kusan kufai, mahajjata ne kawai suka rage masa, su ma jirgin sama ya fara ɗauke su daga Kano tun shekarun 1950. Mu mutanen Gusau ya kamata mu fi kowa gane wannan, don mu ne muka ci ribar irinsa. Garin da Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa bai zama cibiyar gyaɗa da auduga ba sai da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta cikinsa, aka kammala shi a 1929. Kasuwanni nawa ne na tsohuwar hanyar fatake suka mutu don Gusau ta rayu? Shi kuma jirgin ya daɗe da daina zama abin dogaron ɗan kasuwa.

Na tambayi wani dattijo da ke zaune a inuwar masallacin Shafi'iyya wane yaƙi ne ya rusa gidajen. Ya yi dariya ya ce babu harsashi ko ɗaya da ya taɓa su. Dutsen murjani yana shan raɓa da gishirin teku, in ba a sabunta shafen farar ƙasa a kai a kai ba sai ya fara marmashewa, katakon da ke cikin bango ya ruɓe, rufi ya zauna, bango ya bi shi. Masu gidajen ba su sayar ba, ba su kuma yafe ba. Kullewa suka yi suka tafi Fot Sudan da Jidda da makullai a aljihu, kowa da niyyar zai dawo ya gyara. Uba ya mutu, gida ya zama na 'ya'ya goma, 'ya'ya suka mutu ya zama na jikoki hamsin, babu mai ikon sayarwa, babu mai jin nauyin gyarawa. Yana magana ina jin kamar da ni yake. Yau shekara nawa rabon da a yi wa soron kakana yaɓe? Mu nawa ne cikin masu karanta wannan mujalla, a Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal, muke da ɗaki a kulle a tsohon gari, azara ta fara lanƙwasa, muna jiran sai an zauna da 'yan uwa? Na san akwai uzuri na gaskiya, domin matsalar 'yan bindiga ta sa wasunmu ba sa iya kwana a ƙauyukansu. Amma gidajen cikin birnin Gusau da ke zubewa kowace damina ba ɗan bindiga ne ya hana a gyara su ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, su kuwa mutanen Sawakin ba su taɓa yarda cewa sun bar shi ba.

Lokacin ziyarata hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta riga ta gyara masallatan biyu da ginin kwastan, sun yi fari tas a tsakiyar kangaye. A watan Disamba 2017 Shugaba Erdogan ya zo tsibirin da kansa, Shugaba Umar al-Bashir ya amince a ba Turkiyya aikin sake gina shi, abin da bai yi wa Masar da Saudiyya daɗi ba. Na yi salla a masallacin Hanafiyya, na kuma yaba aikin, sai dai a raina na fi jin kangayen, don su ne ba su ɓoye mini komai ba. A Afrilu 2019 aka hamɓarar da al-Bashir, a ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, har ɗalibanmu da dama ta Fot Sudan aka kwaso su zuwa gida. Fashir da Jinaina, zangon kakanninmu, sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Ba zan ba kowa shawarar ya bi sawuna yanzu ba, sai Allah ya kawo musu zaman lafiya, mu ma ya kawo mana.

Akwai dai abin da wannan ƙungiya za ta iya yi ba tare da ta ƙetare ko da Gulbin Sakkwato ba. Greenlaw mutum ɗaya ne da fensir da ma'auni. Muna da injiniyoyi da masu zanen gine-gine a cikinmu, me zai hana a auna a zana tsofaffin zaurukan da suka rage, a bi sawun ganuwar Gusau a gane inda ta bi, tun da Ƙofar Mani da Ƙofar Jange yanzu sunayen unguwanni ne kawai a bakin yara? Ga kufan 'Yandoto a ƙasar Tsafe, garin malaman da aka san shi tun kafin jihadi. Abin da ya fi gaggawa kuma shi ne tsofaffi. Har yanzu akwai 'yan ƙalilan da iyayensu suka goyo su ko suka ja hannunsu a wannan hanya ta Gabas, akwai kuma tsofaffin mata da ke riƙe da sunayen waɗanda suka tafi. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa ta ɗauki muryarsu.

Da la'asar na fito daga tsibirin na zauna wajen wata mai shayi a bakin kasuwar Al-Gaif. Ina ƙoƙarin haɗa Larabcina na makarantar allo sai wani tsoho mai facin taya a gefe ya dube ni ya ce, "Malam, daga wace ƙasa?" Da Hausa ya faɗa, irin ta mutanen da, wadda rabona da jin ta tun rasuwar kakata. Na ce daga Gusau. Ya ce shi a Kasala aka haife shi, amma babansa yakan ce su mutanen Zamfara ne, bai dai san garin ba, kuma bai taɓa zuwa ba. Na gaya masa sunan ƙanen kakana da na matarsa da na ƙauyenmu. Ya yi shiru yana juya sunayen a bakinsa, sannan ya aika yaro ya kira wani wanda ya girme shi. Shi ma ya saurara, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, masu wannan suna da suka wuce ta nan sun fi a ƙirga." Suka hana ni biyan kuɗin shayi. Ƙaramin ya rufe shagonsa ya raka ni bayan gari inda tsohuwar maƙabarta take, duwatsu a jere cikin rairayi babu rubutu a kan ko ɗaya, ya ce Takari da yawa suna nan. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a gaba ɗaya. Muna komowa ana kiran magariba, jirgin Jidda ya yi kuka daga tashar Usman Digna, ya juya a hankali ya shiga mashigar. Na tambayi abokin tafiyata ko ya sauke farali. Ya ce tukuna, amma yana tari.